Hanyar Kwatano: abin da na gani da na raka ƙanena sayen mota

Duk wanda ya tsaya bakin babban titin Maraɗi, ko na Damagaram, ko na Tawa, ya ƙirga motoci goma da suka gitta, da wuya ya samu guda wadda aka saya sabuwa dal. Sauran duka sun yi wata rayuwa a ƙasar wasu kafin su zo su ƙarasa ƙarfinsu bisa hanyoyinmu. Ƴan boko suna yi musu wani laƙabi na barkwanci mai ma'anar "sai wata rana, Faransa". Mu kuwa Hausawa muka taƙaice zance, muka ce ƴan Kwatano. Sunan ya bi bakin kowa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka je suka ga wurin da idonsu. Ni Allah ya nufe ni da zuwa a watan Fabrairu na shekara ta 2023, kuma dalilin zuwan nawa shi ne ƙanena, ɗan baffana.

Yaron ya yi shekara shida yana kabu-kabu, yana tari kaɗan-kaɗan. Ya sayar da babur ɗin, gwaggonmu ta sayar da shanu biyu ta ba shi bisa sharaɗin a raba riba, wani abokinsa mai shago ya cika masa. Abin ya kai miliyan 4 da ƴan kai na kuɗin sefa. Ya same ni da dare ya ce: "Yaya, na yanke shawara zan shiga harkar mota. Kai ka iya Faransanci, ka san takarda. Zo ka raka ni kada a rufe ni da baki." Na amsa, rabi don zumunta, rabi don kwaɗayin ɗan jarida.

Daga Maraɗi zuwa bakin teku

Tsakanin Maraɗi da Kwatano akwai wajen kilomita 1,400. Motar fasinja ta bi da mu ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi, a Doso muka karkata kudu, muka sauka Gaya. Daga Gaya gada ce ta ratsa kogin Kwara ta kai mutum Malanbil, garin farko na ƙasar Benin. Baƙo ba ya jin ya bar gida a can, domin a kasuwar Malanbil, wadda take cikin manyan kasuwannin ƙasar, Hausa da Dandanci ne ke tashi ta kowace kusurwa, albasar Galmi kuma tana jibge kamar a garinsu.

Sai an wuce Kandi ƙasa take soma sauya kama. Mun iske ƙarshen kakar auduga, manyan motoci ɗauke da ita suna watsa farin gashi bisa ciyawar bakin hanya. Kuka da kaɗanya suka riƙa raguwa, itatuwan yazawa suka karɓi fili, mata suna tallar doya tuli-tuli. A Faraku muka ga inda layin dogo ya tsaya: kilomita 438 daga Kwatano, aka ce za a ja shi har Yamai, ga shi har yau bai ƙetare garin ba. Daga nan sai duwatsun Sabe da na Dasa, sai Boyikon, sai gonakin abarba na Alada, sai iska ta yi nauyi, riga ta manne wa mutum a baya. Ƙanena, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin Madarunfa ba, ya yi tsit da ya hango teku.

Wani dattijo da muka zauna kujera ɗaya ya tuna mini cewa yankin nan ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Ta ƙasar Bargu kakanninmu fatake suke ratsawa da jakuna, su yada zango a Nikki da Faraku da Jugu, su nufi Gwanja sayen goro. Kaya ne suka sauya, amma tsarin yana nan yadda yake: baƙo ya sauka hannun fatoma, fatoma ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso. Haka muka yi mu ma. Muka sauka unguwar Zango ta Kwatano, gidan wani Alhaji mutumin Madawa wanda ya fi shekara talatin a garin.

Birnin da ba kowa cikinsa sai motoci

Da asuba Alhaji ya sa aka kirawo mana ƴan babur masu rawayar riga, waɗanda ake ce wa zemijan, muka kama hanyar Forto-Nobo. A da cikin tashar jiragen ruwa da kewayenta ake cinikin mota. Da wuri ya yi kaɗan, a farkon shekarun 2000, aka fitar da kasuwar gabas da gari, wajen Sekanji da Ekpe. Nan ne filayen da ake kira fark.

Na sha jin labari, amma gani ya kori ji. Fili ne na rairayi, an kewaye shi da katanga, wani na bin wani har iyakar ganinka, cikin kowanne motoci jere ƙofa na gogar ƙofa: Toyota, Peugeot, Mercedes, Honda, Hyundai, ƙanana da manya, har da motocin ɗaukar marasa lafiya waɗanda ba a goge rubutun asibitinsu ba. Rana na dukan gilasai tana kashe ido. A bayan wata na ga takardar wata makarantar koyon tuƙi ta Jamus. Cikin wata na ga kujerar jariri da ƴar tsana an manta. Galibin masu filayen da manyan masu shigo da kaya ƴan Labanan ne. A ƙarƙashinsu akwai duniya guda: dillalai, masu gadi, masu wanki, makanikai, masu fenti, masu canji, masu tuwo, da samari masu yawo da batir a ka, domin motar da ta yi wata biyu a tsaye ba ta tashi sai an ɗana mata.

Alhaji ya bayyana mana inda kayan suke fitowa. A birnin Buruksel na ƙasar Beljik akwai wata unguwa, kewayen titin Heyvaert, inda aka daɗe ana tara tsofaffin motoci daga Jamus da Faransa da Holand da sauran maƙwabta. Daga can a kai su tashar Anbers, a tuƙa su da ƙafafunsu zuwa cikin wani irin jirgin ruwa mai hawa-hawa kamar bene, bayan mako biyu zuwa uku su sauka Kwatano. Wasu kuma daga Amurka da Kanada suke zuwa, da yawansu an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020, inda ta ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Wanda ya tsaya a Sekanji ba zai yi gardamar wannan lissafi ba.

Na tambayi Alhaji yaushe harkar ta bunƙasa haka. Ya ce shi dai a idonsa tun daga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa, tamma guda ta Faransa ta tashi daga 50 ta koma 100. Dare ɗaya kuɗin sabuwar mota ya ninka, ma'aikacin da ke mafarkin sabuwa ya dawo yana neman gwanjo. Amma babban mai saye, in ji shi, ba mu ba ne, Najeriya ce. Shekara da shekaru ana rubuta motoci a takarda cewa Nijar za su, su hau har Gaya, su biya abin da za su biya, sa'an nan su sulale kudu ta Ƙonni ko Maraɗi ko Magarya. A 2014 motocin da suka sauka Kwatano sun haura dubu 300. Daga nan naira ta faɗi a 2016, Najeriya ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, ta kuma rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Ya nuna mana wani fili da ciyawa ta cinye, ya ce: "Ƴaƴana, nan da kuke gani, da can ko akuya ba ta samun wurin kwanciya."

Yadda ake duba mota

Ƙanena tun a fili na biyu ya ga wata jar mota tana ƙyalli, ya ce shi ya samu. Makanikin da Alhaji ya haɗa mu da shi, wani Bazabarme mai ƙarancin magana, bai ce uffan ba. Ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya bi jikin motar da shi. A ƙofar baya ya ƙi kamawa: ƙarfe ya lotse an cike da ƙullu an shafe da fenti. Muka wuce.

Kwana uku muna yawo, kuma a cikinsu na koyi abin da ban koya a lise ba. Mota da sanyin safiya ake tayar da ita, kafin mai ita ya ɗumama inji ya ɓoye tarinta. A buɗe murfin da ake zuba baƙin mai: in an ga wani abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa na haɗuwa da mai, a gudu. Hayaƙi mai shuɗi alama ce inji na shan baƙin mai. A kwanta a leƙa ƙarƙashi, domin a Turai gishiri suke watsawa bisa hanya lokacin ƙanƙara, shi kuwa yana cin ƙarfe ta ciki. A duba ko an yanke tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, domin akwai ƙarfe mai tsada a cikinta, ana yawan cire ta. Lambar kilomita kuwa kada a yarda da ita, mayar da ita baya ba wuya. A dubi yadda sitiyari da abin taka birki da kujerar direba suka cinye, su ba su iya ƙarya ba. Daga ƙarshe a karanta lambar shasi, haruffa da alƙaluma 17, a gwada ta ɗaya bayan ɗaya da abin da ke cikin takarda. Harafi guda in ya saɓa, mota na iya kwana wata a hannun duwan.

Akwai kuma abin da makaniki ba ya gani, sai ɗan kasuwa. Alhaji ya ce wa yaron: "Ba motar da kake so za ka saya ba, wadda Maraɗi take so za ka saya." Wato wadda kowane makaniki ya san cikinta, kayan gyaranta na nan a kasuwa, ba ta shan mai, cikinta kuma ya ɗaga daga ƙasa saboda rairayi. Da wannan muka tsaya kan wata Toyota Corolla mai ruwan toka, ba kyan gani, amma lafiyayya. Aka buɗe ciniki a miliyan 3, aka yi ta albarka da tafiya da dawowa, aka sallama a miliyan 2 da jika 300. Dillali ya karɓi la'adarsa, makaniki ya karɓi tasa.

A nan ƙanena ya yi kuskuren kowane sabon shiga. Ya buga lissafi a salularsa ya ce: "Yaya, irin wannan a gida miliyan 4 da rabi ce. Ka ga riba ta fi miliyan 2!" Alhaji ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce: "Yaro, jikin mota ka saya. Saura ka sayi hanya."

Kuɗin hanya

Gaskiyarsa. Sai da muka nemi taransiter, wato mutumin da ke da izinin bin takardun fito, ya ɗauki kwana huɗu yana zarya. Akwai kuɗin fitar da mota daga fili, kuɗin takardar ratsa ƙasa, kuɗin rakiyar duwan, lambar wucin gadi, asiransi na ƴan kwanaki. Muka sauya baƙin mai, muka sayi batir da tayoyi biyu. Kowace safiya kuma ga kuɗin abinci da na zemijan. Yaron yana rubuta kome cikin wani ɗan littafin ƴan makaranta, fuskarsa tana ƙara tsukewa.

Motocin da za su ratsa ƙasa a ayari suke tashi. Namu ya kai mota talatin, yawancinsu a hannun direbobin haya waɗanda aikinsu ke nan: su kai mota iyaka, su komo a motar fasinja, su sake ɗaukar wata. Gudu suke kamar ana korarsu, domin yawan zuwa shi ne yawan samu, kuma tsakanin Sabe da Faraku mun ga guda ta kife cikin rami, ko lambar ƙasarmu ba ta kai ga samu ba. Jarin wani ke nan ya ƙare a nan. Shingaye kuwa, a ɓangarorin biyu na kogi, ban iya ƙirga su ba. Ko takardunka sun cika, akwai inda sai ka ba da na shan ruwa kafin a ɗaga igiya.

A Gaya muka kwana biyu. Abin da ya kamata mai niyyar wannan sana'a ya sani shi ne, duwan ba ta duban abin da ka biya a Sekanji. Tana da nata ƙiyasi, bisa ga irin motar da shekarunta da ƙarfin injinta, kuma a kansa take yanka haraji. Saboda haka tun kafin ka biya kuɗin mota ka tambayi taransiter na iyaka nawa za ta ci. Da yawa sun sayi babbar mota da araha, suka zo Gaya kuɗin fito ya gagare su. Bayan wannan ga takardar mallaka, ga lamba, ga duba lafiyar mota. Ranar da muka shiga Maraɗi, yaron ya ja layi ƙarƙashin lissafinsa: miliyan 4 da jika 100. Kusan rabin kuɗin, hanya da takarda suka ci.

Motar ta yi mako biyar a bakin titi yana wanke ta safe da yamma. Masu taya ta da yawa bashi suke so. Ana saura kwana kaɗan ƙaramar salla wani malamin asibiti ya biya miliyan 4 da rabi, kuɗi hannu. Riba jika 400, a raba uku. Gwaggo ta sa albarka, yaron kuwa ya ji ya zama ɗan kasuwa.

Ranar da gada ta rufe

Da labarin ya tsaya nan, da na ce muku sana'a ce mai wuya amma mai ci. Sai dai bai tsaya ba. Bayan babbar salla, a tsakiyar watan Yuli, yaron ya koma shi kaɗai. Wannan karo ya ƙara da rancen miliyan 2, ya sayi ƙananan motoci biyu. Takardunsu na hannun taransiter aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai. Ranar 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, Benin ta rufe iyaka, ɗaruruwan manyan motoci suka yi layi a Malanbil, kaya na ruɓewa a cikinsu. Tashar Kwatano ma ta dakatar da kayan Nijar, ba ta sake su ba sai ƙarshen Disamba. CEDEAO ta ɗage takunkumi a 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangare, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilin tsaro, kuma har shekara ta 2025 ta ƙare mota ba ta hau gadar nan ba. Mutane da ƙananan kaya a kwalekwale suke ƙetarewa.

Ba siyasa na zo yi a wannan shafi ba. Kowa da abin da yake gani. Ni abin da na sani shi ne muryar ƙanena a waya, yana cewa: "Yaya, kullum garin Allah ya waye kuɗin fili na hawa kaina, kuma mai bashi ya soma zuwa wurin Inna." Mota a tsaye ba kamar buhun gero ba ce: batir na mutuwa, taya na tsagewa, iskar teku na cin ƙarfe. An ba shi shawara ya bi sabuwar hanyar da kayan Nijar suka koma, daga Lome zuwa Wagadugu, Kaya, Dori, Tera, inda ake tafiya a ayari da rakiyar soja, a yi makonni ana jiran tashi. Babban ɗan kasuwa mai mota hamsin yana iya ɗaukar wannan. Mai mota biyu da bashi a wuya ba ya iyawa. Bayan wata huɗu Alhaji ya tsaya masa, wani mai fili ya karɓi motocin da ragi mai ciwo. Ya ƙetaro kogi a kwalekwale da jakar leda a hannu. Ya biya mai rance, ya biya abokinsa. Shanun gwaggo ne suka tafi.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Yaron bai yi wauta wajen zaɓen mota ba, ba a cuce shi a takarda ba, bai ci kuɗin kowa ba. Abin da bai sa cikin littafinsa ba shi ne, mu mutanen ƙasar da ba ta da teku, tsakanin jarinmu da kasuwarmu akwai ƙasar wasu, akwai gada, akwai shawarar da ake yankewa a ɗakunan da ba a gayyatarmu. Fatake na da sun san haka, shi ya sa ba su ɗora dukan dukiyarsu bisa jaki guda. Wanda zai shiga harkar nan ya soma da mota guda, da kuɗin da in ya kwana wata shida a waje gidansu ba zai rasa tuwo ba. Ya bar wani abu a aljihu saboda tsaiko. Ya guji rance mai wa'adi. Ya san kuɗin fito kafin ya san launin mota. Kada kuma ya aika kuɗi saboda hoton da aka turo masa a WhatsApp, domin ba a cinikin biri a sama.

Yanzu ƙanena yana dillanci a wani filin sayar da motoci a nan Maraɗi. Ya iya kwanciya ƙarƙashin mota, ya sayi nasa maganaɗisu, kuma ba ya sa kuɗinsa sai mai saye ya ajiye rabi. A kakar bara ya kai wa gwaggo maraƙi guda, ya ce saura ɗaya. Ta dube shi ta ce: "Ɗan nan, in hanya ta buɗe za ka koma?" Ya ce: "In Allah ya yarda, Gwaggo. Amma da guda zan dawo."

Allah ya buɗa mana hanyoyinmu, ya tsare matafiya, ya mayar wa kowa abin da ya rasa.